Yanka ko danna: hanyoyi biyu na buɗe gurbin hula a kwanson soja

Kwanson harsashin soja yana da wata tsiya da ba ta bayyana sai an kusa gama aiki. An wanke shi, an fitar da tsohuwar hula, an mayar da shi girmansa, sai a zo sa sabuwar hula ta tsaya a bakin rami ta ƙi shiga. Mai gaggawa ya ƙara ƙarfi, hular ta shiga a karkace, ko gefenta ya tattare kamar bakin tsohon gwangwani, ko ma ta tashi a gabansa. Hula dai ita ce ɗan ƙoƙon nan da ke gindin harsashi, wanda allurar bindiga ke bugawa ya ba albarushi wuta. Masu Faransanci na ce mata amors. Ramin da take zama a ciki shi ne gurbi. Abin da ke tare ta kuwa wani leɓe ne da aka danne da gangan a bakin gurbin tun daga masana'anta, kuma hanyar kawar da shi biyu ce: ko a yanke shi, ko a danna shi ya koma inda ya fito.

Akwai maganar da ba za mu bari sai ƙarshe ba. A nan Maraɗi, da Nijar baki ɗaya, riƙe bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne, balle na soja, kuma tun 1994 ƙasar na da hukumar tattara haramtattun makamai. Kwanson da yaro ya tsinto a daji wajen Madarumfa ko Gidan Rumji shaida ce, wurinsa hannun jandarmomi. Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne da zama ya kai Faransa, Amurka ko Kanada, suka shiga ƙungiyoyin harbin gasa da takardunsu, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwansonsa, wato ya sa wa kwanson da aka riga aka harba sabuwar hula da albarushi da kan harsashi. Maƙera da makanikai masu son sanin halin tagulla su ma za su sami abin ɗauka. Ba mu taɓa maganar albarushi ko awonsa ba. Wannan na littafin masu yin albarushin ne, kuma ba a karɓarsa daga bakin kowa.

Me ya sa aka danne bakin

Bindigar farauta mai sakata, wadda ake ja da hannu, ba ta damu ba idan hula ta ɗan ja baya bayan harbi. Bindigar soja mai sarrafa kanta ta damu ƙwarai. Tana fizge kwanso tun yana da zafi da sauran matsi a ciki, kuma idan hula ta faɗo ta shige cikin kayan kunama, bindiga ta cije a lokacin da ba a so. Shi ya sa masana'antun soja, bayan sun sa hula, suke buga bakin gurbin har tagulla ta ɗan rufo kanta. Wani dannin zobe ne da ya kewaye hular gaba ɗaya, ana ganinsa kamar siririn layi. Wani kuma tabo ne uku ko huɗu a gefe, kamar an soka da tsinin ƙusa. Na tabo ya fi saurin ganewa, na zobe ya fi yaudara, don a wasu kwanson sai an sa madubin ƙara girma ake rabe shi da bakin da ba a taɓa ba.

An fi cin karo da shi a harsasai masu awon 5.56×45 da 7.62×51 na rundunar ƙawancen NATO. Wanda ya fi yawo a hannun masu gasa a Amurka shi ne na masana'antar Lake City da ke jihar Missouri, wadda ta fara aiki a 1941. Tambarinta LC ne da lambobi biyu na shekara, sau da yawa da alamar gicciye cikin da'ira. Amma kada a dogara da tambari kawai: akwai harsashin kasuwa, musamman .223, takwaran 5.56 na farar hula, da ke zuwa da dannin baki shi ma.

Tun kafin a yi zancen kayan aiki, a zauna a tsince. Mayen ƙarfe zai ware kwanson baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti ko ruwan tagulla. Waɗannan ba na aiki ba ne. Sannan a haska tocila cikin bakin kowane kwanso. Huda ɗaya a tsakiya, tsarin Boxer ke nan, shi ake iya sake ɗurawa da kayan da muke magana a kai. Ƙananan huda biyu a gefe da gefe, tsarin Berdan ne, wanda 'yar maƙerar da hula ke fashewa a kanta tana manne da kwanson kansa, kuma allurar cire hula tana karyewa a kanta nan take. Akasarin 7.62×39 na Rasha da Sin haka yake, baƙin ƙarfe kuma Berdan. Abin lura a tarihin, Edward Boxer Bature ne na Ingila amma tsarinsa a Amurka ya zauna, Hiram Berdan kuma Ba'amurke ne amma nasa Turai ta ɗauka. Dukansu a 1866 suka yi rajista.

Cire tsohuwar hula ma yana da nasa. Hular da aka danne tana buƙatar ƙarfi fiye da saba, don haka gara a yi amfani da ƙarfen cire hula shi kaɗai, a ajiye allurai biyu ko uku na canji. A tura a hankali har a ji ta saki. Kwanson da ya kwana cikin ruwa ko laka wani lokaci gindin hular ne kawai ke fita, bangonta ya maƙale kamar zobe a cikin gurbin. Irin wannan a yar da shi. Idan ya kai ga ƙarfen danni ba a gani ba, shi ke lanƙwasa sanda.

Awon da komai ke rataye a kai

Hular ƙaramin harsashin bindiga, irin ta 5.56, faɗinta inci 0.175 ne, wato wajen milimita 4.45. Gurbinta bisa ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, yana tsakanin milimita 4.39 da 4.43, zurfinsa tsakanin 2.97 da 3.12. Babbar hula, irin ta 7.62×51, ana kiranta 0.210, a zahiri tana ɗan haura milimita 5.33; gurbinta 5.30 zuwa 5.33, zurfi 3.18 zuwa 3.35. Ka ga ke nan hula ta fi gurbinta faɗi da abin da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma wannan ɗan bambancin shi kaɗai ke riƙe ta, shi kuma ke toshe hayaƙi mai zafi kada ya biyo ta baya. Da zarar ka fahimci haka, ka fahimci duk rigimar: ana so a kawar da leɓen da ke baki ba tare da an taɓa bangon da ke ƙasa ba. Duk hanyar da ta ci bango, ko ta faɗaɗa shi, ta kashe kwanso.

Baduku ya san wannan bambanci tun kafin mu. Idan ya huda fata da ƙarfen huji, ya cire nama, ramin ba ya komawa. Idan ya soka basilla, fatar gefe kawai ta matsa, ba abin da ya ragu. Yanka shi ne ƙarfen huji, danni shi ne basilla.

Yanka

Hanya mafi araha, kuma wadda kusan kowa ke farawa da ita, ita ce ɗaukar abin da ke kan tebur: ƙarfen gyaran bakin kwanso mai tsini, ko bakin da kafintoci ke faɗaɗa ramin kan sukuru da shi. Yana aiki, ba mu ce ba ya yi ba. Juyi biyu ko uku, leɓe ya fita, hula ta shiga. Aibinsa shi ne ba shi da birki. Ba abin da ke hana shi ci gaba sai hannunka, hannu kuma a kwanso na goma daban yake da kwanso na ɗari biyu. Idan aka haɗa shi da injin huda na lantarki, ƙiftawa ɗaya ta isa a mayar da bakin gurbi kamar mazurari. Zurfin ƙaramin gurbi milimita uku ne kacal. Ka ci ɗaya daga sama, sulusin bangon da ke riƙe hula ya tafi. Sakamakon ba ya bayyana a tebur, sai a filin harbi: gefen hular da ba shi da majingina ya kumbura, baƙin zobe na hayaƙi ya fito kewaye da ita, kuma wannan hayaƙin yana cin fuskar sakata, ya bar mata ƙananan ramuka a da'ira waɗanda ba sa gyaruwa sai an canza ta. Asarar kwanso ƙarama ce, asarar sakata ita ce mai zafi.

Abin da muke ba da shawara a wannan ɓangare shi ne mayankin da aka yi don gurbi musamman. Kamfanonin Hornady, Lyman, RCBS da L.E. Wilson duk suna yinsa, ƙarami da babba. Hancinsa yana shiga gurbi ya daidaita shi a tsakiya, haƙoransa na can sama inda leɓen yake, kuma idan hancin ya taɓa ƙasa ko kafaɗarsa ta zauna a gindin kwanso, ya daina ci. Na Wilson ya fi kowanne miƙewa saboda kwanson na zaune cikin mariƙi a kan injin datsa, ba ya iya karkata, sai dai yana da jinkiri. Na Hornady da na RCBS suna ɗauruwa a injin gyaran kwanso mai juyi, ko a riƙa da ɗan mariƙinsu na hannu.

Yadda ake yi: a riƙe kwanso a miƙe da mayanki, a tura da matsakaicin ƙarfi, a juya har a ji ya daina kamawa ya koma sulɓi. Da hannu juyi uku zuwa biyar ne. Da inji daƙiƙa biyu ko uku, a kan juyi mai sanyi. A duba: siririn layi mai sheƙi ya kamata a gani kewaye da baki, faɗinsa ɗaya ta ko'ina. Idan gefe guda ya fi faɗi, hannu ya karkata. A buga kwanson a tebur, garin tagulla ya zube, don ɗan guntu ɗaya da ya maƙale a ƙasan gurbi yana hana hula zama, wani lokaci har ya yi mata tabo a fuska. Bayan kowane hamsin a goge haƙoran mayankin da buroshi, domin idan suka cika suna shafa ne kawai, mutum na tsammanin ya gama alhali leɓen na nan.

Babban alherin yanka shi ne bai damu da cikin kwanso ba. Ko tambari goma aka gauraya a bokiti ɗaya, ta waje yake aiki, kowanne daidai yake yi masa. Wahalarsa a yatsu take. Bayan ɗari biyu ko uku babban yatsa da manuni sun yi kanta, kuma gajiya ita ce uwar karkata. Safar hannu mai roba tana rage zamewa, amma kada a kusantar da ita ga abin da ke juyi da ƙarfi.

Wani kuskure da ake yawan yi: sayen ƙarfen daidaita zurfin gurbi da zaton zai cire leɓe. Shi ƙasa yake ci, gefensa ba ya yanka, kuma a gurbin da ba a buɗe ba ko shiga ba zai yi ba, in ma ya shiga sai ya maƙale. Aikinsa yana zuwa ne bayan an buɗe baki.

Danna

A nan ba a cire ko ƙwayar tagulla. Ana tura wani hancin ƙarfe mai tauri cikin gurbin. Gindin hancin yana da lanƙwasa, ita ce ke ture leɓen waje ta bar baki mai santsi kamar na kwanson kasuwa. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, tana karɓar irin wannan matsi a sanyi ba tare da ta tsage ba. Maƙeri zai ce a ɗan gasa ta ta yi laushi. Kada a kuskura. Wuyan kwanso ake gasawa, gindinsa kuwa da gangan aka bar shi da tauri, shi ke ɗaukar matsin harbi, kuma gindin da ya ga wuta ya zama abin jefarwa.

Ƙarfin da ake dannawa da shi yana da yawa, dole wani abu ya tare kwanson ta ciki. Wannan ita ce sandar tokari, wadda ke shiga ta baki ta zauna a kan gindi daga ciki. Duk daɗin wannan hanya da duk ciwonta a kan sandar nan suke.

Kayan sun kasu biyu. Akwai wanda ake ɗaurawa a injin ɗuri, wato injin matsi mai hannu da ake sake ɗura kwanso da shi, irin na RCBS da na kamfanin Lee: hancin danni na zaune a inda mariƙin kwanso ke zama, sandar na sama. Yana da sauƙin kuɗi kuma ba ya cin wuri. A na RCBS kwanson yakan kama hancin, sai an buga hannun injin ƙasa da ɗan ƙarfi wani ƙoƙo ya tunkuɗo shi. A tebur mara nauyi wannan bugun yana girgiza komai, kuma shigar da kwanson 5.56 mai ƙaramin baki kan sanda a makance yana cin lokaci. Ɗan shafa man kwanso a hancin bayan kowane goma yana rage kamun. Akwai kuma na tebur mai zaman kansa, wanda ya fi shahara shi ne Super Swage 600 na kamfanin Dillon: a zura kwanso a sanda, a kwantar, a ja hannu, a ɗaga. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma da zarar hannu ya saba, daƙiƙa kaɗan ke tsakanin kwanso da kwanso, ba ƙura, ba kanta. Manyan injunan Dillon irin su 1050 da 1100 suna da tashar danni a jikinsu, amma wannan na masu ɗura dubbai ne a wata.

Saitin sanda shi ne aikin. A fara da ita a sake, yadda hancin zai ɗan taɓa leɓe kawai. A danna kwanso ɗaya, a gwada. Bai buɗe ba, a ƙara kashi ɗaya cikin takwas na juyi, a ɗauki wani kwanso sabo, a sake. Haka har a kai inda ma'auni ya shiga, sannan a ƙulle goron. Wanda ya fara daga matse ya lalata biyar ɗin farko, wataƙila da sandar.

Ga inda tsince tambari ya zama dole. Kaurin gindi ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, har daga shekara zuwa shekara a masana'anta ɗaya. An saita sanda a kan mai siririn gindi, sai mai kauri ya zo: hancin ya nutse fiye da kima, gurbi ya faɗaɗa, ko sanda ta lanƙwashe. An saita a kan mai kauri, siriri ya zo: hancin bai kai ba, leɓe na nan, ba kuma za a sani ba sai wajen sa hula. Saboda haka mai danni yana raba kwansonsa kashi-kashi, LC na wannan shekara gefe, na waccan gefe, ya sake saiti a kowane kashi. Hannu ma yana ba da labari: idan jan ya yi nauyi ba kamar na baya ba, a tsaya a duba, kada a kammala.

Akwai wani lahani da ba kowa ke lura da shi ba. A yawancin kwanson soja hudar wuta, wadda wutar hula ke bi ta kai ga albarushi, mai faɗin wajen milimita biyu, da bugu aka yi ta, don haka ta ciki akwai 'yar ƙayar tagulla a bakinta. Sandar tokari tana iya kwantar da wannan ƙaya ta rufe rabin hudar. Harsashin zai tashi, amma ba daidai da 'yan'uwansa ba, mai gasa kuma zai gani a takardar da yake harbi a kai. Maganinsa a haska kowanne bayan danni, ko a share ƙayar da ƙarfenta tun kafin a fara. Sannan dannin tabo uku ko huɗu wani lokaci ba ya kwanciya sarai, tagullar ta ɗan dawo bayan an zare hanci. Irin waɗannan juyi ɗaya na mayanki ke ƙarasa su. Idan kuma aka ga tudu ya taso kewaye da gurbin har kwanso ba ya zama daram a kan gilashi, an wuce gona da iri.

To wanne za a saya

A ganinmu amsar tana cikin bokitin kwansonka, yawansa da irinsa. Mutumin da ke tsintar abin da ya samu a filin ƙungiyarsu, yau talatin gobe hamsin, tambari barkatai, mayanki mai birki ya ishe shi har abada. Kuɗinsa kaɗan ne, ba saiti, ba tsince shekara, kuma aikin sau ɗaya ake yinsa a rayuwar kwanso, domin leɓen da aka cire ba ya dawowa. Sayen injin danni don ɗari biyu ɓarnar kuɗi ce.

Wanda ya sayi dubu ɗaya ko biyu na tambari ɗaya a lokaci guda, ya sayi na danni na tebur kada ya yi wa yatsunsa mugunta. A irin wannan yawan ne saurin ke biyan kuɗinsa, kuma daidaiton baki ya fi na hannu, wanda ke da muhimmanci idan injin da ke sa hula mai sarrafa kansa ne, ba ya jin abin da yatsa ke ji. Na ɗaurawa a injin ɗuri yana tsakiya: ya dace da mai ɗari biyar zuwa dubu a shekara, mai tebur mai ƙarfi da haƙuri.

Masu danni suna yawan cewa kwansonsu ya fi daɗewa tunda ba a rage masa nama ba. Idan aka kwatanta da wanda aka ƙwaƙule da bakin kafinta, gaskiyarsu. Idan aka kwatanta da mayanki mai birki da aka riƙe a miƙe, bambancin ƙarami ne, domin abin da ke sassauta gurbi a ƙarshe matsin harbi ne da ke buɗa gindi sannu a hankali, kuma sau da yawa wuya ke tsagewa kafin a kai can. Masu yanka su ma suna cewa tasu hanyar ba ta kuskure. Tana yi, ta hanyar karkata. Da za a ce mu zaɓi abu ɗaya tak ga mai farawa, mayanki za mu ce, saboda kuskurensa ido na ganinsa nan take, na danni kuwa a ɓoye yake. Ƙwararru da yawa a ƙarshe suna ajiye duka biyun.

Abin da ba mu yarda a yi ciniki a kansa ba shi ne ma'auni. Ɗan ƙarfe ne mai kai biyu, ana samunsa ƙarami da babba: kai ɗaya dole ya shiga gurbi har ƙasa ba tare da tilas ba, ɗayan dole ya ƙi. Na farko ya ƙi, leɓe bai fita ba. Na biyu ya shiga, gurbi ya mutu, a matse bakin kwanson da filaya don kada ya koma cikin masu kyau. Ma'aunin makanikai mai baki biyu ba ya wannan aiki, leɓunansa ba sa zama daidai a rami mai wannan ƙanƙanta. Gwaji da sabuwar hula kuma asara ce da haɗari. A lokacin saiti a auna kowanne. Aiki ya miƙe, ɗaya cikin goma.

Wajen sa hula, abin sawa na hannu ya fi, don yana gaya maka gaskiya. Ya kamata a ji ta shiga da tauri ɗaya daga farko har ta zauna, ta tsaya ƙasa da fuskar gindi da kamar milimita 0.05 zuwa 0.13, yatsa na jin ɗan lotsawar. Ta tsaya a baki, a dakata, a koma ga mayanki. Ta faɗa ba wani tauri, gurbin ya saki. Hular da ta fi gindi tudu kuwa ita ce mafi haɗari a bindiga mai sarrafa kanta, don sakata na iya tayar da ita kafin ta kulle. Gilashin kare ido a fuska, fuska nesa da bakin kwanso, hula kaɗan a tire, sauran a kwalinsu na asali. Ƙurar tsohuwar hula akwai dalma a cikinta, don haka ba a ci ba a sha a wurin, ba a barin yara su yi wasa da bokitin, a wanke hannu da sabulu.

Buɗe gurbi kuma bai mayar da kwanson soja na kasuwa ba. Na 7.62×51 yawanci ya fi .308, takwaransa na kasuwa, kaurin bango, cikinsa ya fi ƙunci, awo ɗaya yana ba da matsi mafi yawa a cikinsa, shi ya sa littattafan ɗuri ke cewa a fara daga ƙasa. Wanda aka harba a bindiga mai jigida kuma yakan miƙe, ya sirance daga ciki kaɗan sama da gindi. A lanƙwasa kan siririyar waya a ja ta a bangon ciki; ta kama wani kwari, kwanson na gab da rabewa biyu, ba amfanin ɓata lokaci a gurbinsa. Wannan gwajin a yi shi tun wajen tsince.

Sai ajiya, wadda mutanenmu za su gane da sauri. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwansonsu na tsagewa da damina ba tare da an harba ba, sai a 1921 aka tabbatar da dalilin: a bargar dawaki ake ajiye su, tururin fitsari mai amoniya yana cin tagullar da ke cikin matsi. Gindin da aka danna da wuyan da aka matse duk tagulla ce mai matsi a jiki. Don haka ko tagullar ado ce ko ta aiki, a nisanta ta da garken awaki da turken doki, kuma kada a goge kwanso da man goge tagulla mai warin amoniya. Bayan an gama kashi, a zuba shi a roba mai murfi, a rubuta tambari da shekara da hanyar da aka bi a jiki, a kuma ja layin alƙalami mara gogewa a gindin kowanne, yadda in ya gauraya da na wasu a filin harbi za a san wanda aka riga aka buɗe.